Ƙaurar Faifan Ajiya daga Kwamfuta zuwa Kwamfuta: Darasi ga Manazartan Hausa daga Faris da Liyon

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin abin da ke faruwa idan aka ciro faifan ajiya daga wata kwamfuta aka mayar da shi wata, tare da la'akari da irin kayan da manazarcin Hausa ke tarawa: muryoyin da aka naɗa, hotunan rubutun ajami, da rubutun boko mai haruffa masu ƙugiya. An nuna cewa faifai yana tafiya da bayanai, amma yakan bar muhallin da ake karanta su a baya. An fito da shingaye biyar da ke tsakanin faifai da sabuwar kwamfuta, an kawo tsarin aikin da ya fi aminci, sannan aka duba yadda cibiyoyin bincike na Faris da Liyon a Faransa suka tsara adana irin waɗannan bayanai.

Fitilun kalmomi: faifan ajiya, kwamfuta, adana bayanai, haruffa masu ƙugiya, Unicode, Faransa

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan abin da manazarcin Hausa na yau ya tara a tsawon shekarun aikinsa yana kwance ne a cikin wani ɗan ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba. A ciki ne hirarrakin da ya yi da dattawa suke, da hotunan takardun da ya ɗauka a gidajen malamai, da kundin digirinsa. Duk da haka, da wuya ya tuna da wannan ƙarfe sai ranar da kwamfuta ta ƙi tashi.

Haka ta faru gare ni ana saura 'yan kwanaki in tashi daga Faris in koma aiki a Liyon. Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta mutu, kuma a cikinta akwai hirarrakin da na naɗa a ƙasar Katsina da Maraɗi, waɗanda wasu daga cikin masu maganar sun riga mu gidan gaskiya. Wani mai gyara a titin Montgallet, wanda ya shahara da shagunan kayan kwamfuta a gunduma ta 12 ta Faris, ya tabbatar mini cewa babban allon na'urar ne ya ƙone, faifan kuwa lafiyarsa lau. Ya ciro shi, ya sa mini shi a ɗan akwati mai wayar USB. Na shiga jirgin ƙasa na TGV da zaton cewa matsala ta ƙare. Tafiyar awa biyu ce kacal, amma sai da na yi makonni kafin in sake ganin aikina yadda na bar shi.

Batun ya ƙara muhimmanci tun daga ranar 14 ga Oktoba 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa manhajar Windows 10. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, don haka malamai da ɗalibai da dama za su sauya na'ura, kuma kowannensu zai fuskanci wannan tambaya: yaya zan yi da abin da ke cikin tsohuwar?

2.0 Faifan Ajiya da Ire-irensa

Faifan ajiya shi ne sashen da ke riƙe bayanai ko da an kashe wuta. Kamfanin IBM ne ya fara fito da shi kasuwa a 1956, da fayafai 50 masu faɗin inci 24, waɗanda duk da girmansu haruffa wajen miliyan 5 kawai suke ɗauka. A yau iri biyu ake amfani da su.

Na farko shi ne mai juyawa. A cikinsa akwai fayafai masu maganaɗisu da ke juyi sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata allura da ke shawagi a kansu ba tare da ta taɓa su ba. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shi ya sa faɗuwa ɗaya yana cikin aiki takan iya kashe shi. Na kwamfutar tebur inci 3.5 ne, na tafi-da-gidanka kuwa inci 2.5.

Na biyu shi ne SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Yana adana bayanai ne a matsayin cajin lantarki a cikin ƙananan ƙwayoyi. Ya fi sauri, ya fi jure girgiza, sai dai cajin yakan zurare a hankali idan aka ajiye shi shekaru babu wuta, kuma zafi yana gaggauta hakan. Wanda ya kulle SSD a akwati a Sakkwato ko Maraɗi da nufin ajiya ta dindindin ya lura da wannan.

3.0 Manufofi Biyu na Ƙaura

Kafin a ɗauki sukudireba, wajibi ne a bambance abubuwa biyu da ake yawan cuɗawa. Akwai mai son ya kwashe fayilolinsa kawai, wato ya haɗa tsohon faifai da sabuwar kwamfuta a matsayin baƙo, ya kwafe abin da yake so. Akwai kuma mai son tsohon faifan ya zama shi ne zai tayar da sabuwar kwamfutar, da babbar manhajarsa da duk abin da aka ɗora a kai. Na farko ya fi sauƙi, ya fi aminci, kuma shi ne buƙatar mafi yawan manazarta. Na biyu yana yiwuwa, amma shingayensa sun fi yawa, kamar yadda za a gani.

4.0 Shingaye Biyar

4.1 Mahaɗi

Shinge na farko na zahiri ne: shin bakin faifan ya dace da kwamfutar? Fayafan da aka yi kafin tsakiyar shekarun 2000 galibi suna da mahaɗin IDE mai tsinke 40, ko 44 a kwamfutar tafi-da-gidanka. Daga 2003 mahaɗin SATA ya fara maye gurbinsa, mai baki biyu, ɗaya na bayanai ɗaya na wuta. Na zamani kuwa shi ne M.2, wani siririn katako mai kama da tsinken cingam, wanda aka fi samu da faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80. A nan akwai tarko: fayafai biyu na M.2 za su iya yin kama da juna, alhali ɗaya da tsarin SATA yake aiki ɗayan da NVMe, kuma akwatin ɗaya ba lalle ya karɓi ɗayan ba.

Faifai mai inci 2.5 yana wadatuwa da wutar da ke fitowa daga USB, wato bolt 5. Mai inci 3.5 yana buƙatar ƙarin bolt 12, don haka akwatinsa sai da tasa wayar wuta. Haka kuma akwai na'urorin da ba a ciro faifansu ko kaɗan: a mafi yawan kwamfutocin MacBook da aka yi daga 2016 zuwa yau, an liƙe ƙwayoyin ajiya a jikin babban allo. Mai irin wannan na'ura ba shi da mafita ranar da allon ya ƙone sai kwafin da ya yi tun da farko.

4.2 Tashi da Rabon Faifai

Wannan shinge ya shafi mai son ya tayar da kwamfuta da tsohon faifai ne. Idan aka kunna na'ura, wata ƙaramar manhaja da ke cikin babban allo ce take fara farkawa ta nemo babbar manhaja. Tsohuwar ita ce BIOS, wadda ke aiki da tsarin rabon faifai na MBR da ya samo asali tun 1983, wanda a fayafai na yau da kullum ba ya gane abin da ya wuce terabayit 2. Sabuwar ita ce UEFI, mai aiki da tsarin GPT. Faifan da aka tsara shi da MBR ba zai tayar da kwamfutar da UEFI kaɗai ta sani ba, sai an juya shi.

Ko an wuce nan, akwai batun direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sada babbar manhaja da sassan na'ura. Windows 10 da 11 sukan nemo sababbi da kansu, amma idan yanayin da sabon allon ke magana da faifai ya bambanta da na tsohon, sai a ga shuɗin allo, kwamfuta ta tsaya cik. Sai kuma lasisi: wanda ya zo tare da kwamfuta daga kamfani yana ɗaure da babban allonta, ba ya bin faifai. Manhajar Linux ta fi sauƙin kai a wannan fage, domin tana ɗauke da mafi yawan direbobi a cikinta.

4.3 Tsarin Fayiloli

Kowace babbar manhaja tana da yadda take jera fayiloli. Windows tana amfani da NTFS, kwamfutocin Apple suna amfani da APFS tun 2017, Linux kuwa galibi ext4. Kwamfutar Apple tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai sai da taimakon wata manhaja. Windows ba ta gane APFS ko ext4 da kanta. Tsarin exFAT ne kowa ke karantawa yake kuma rubutawa, shi ya sa ya dace da faifan jigila. Tsohon tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabayit 4, kuma bidiyon bikin sallah ko na wasan dambe mai tsawo yakan wuce haka.

Babban haɗari a nan shi ne saƙon da kwamfuta ke fitarwa idan ta gamu da tsarin da ba ta sani ba. Takan ce faifan ba ya karantuwa, ta nemi izinin tsara shi sabo. Wannan saƙo ne ya tarbe ni a Liyon, domin kwamfutar da na samu a can ta Apple ce. Amsa ɗaya ce: a ƙi, a zare faifan. Amincewa da wannan buƙata daidai take da share shi.

4.4 Kulle

Dalilin da ya sa faifaina bai karantu ba shi ne an kulle shi da BitLocker, ba tare da na tuna lokacin da hakan ta faru ba. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kunna wannan kulle da kansu idan mai su ya shiga da asusun Microsoft. Aikinsa shi ne rikita bayanai ta yadda ba mai iya karanta su sai mai mabuɗi, kuma mabuɗin yana ajiye ne a wata ƙwaya da ke jikin babban allo, mai suna TPM. Muddin faifai yana gidansa, buɗewa take yi ba a ma sani ba. Da zarar an raba shi da allon, sai an kawo mabuɗin ceto mai lambobi 48.

Nawa mabuɗin na same shi a asusuna na intanet, na ari kwamfuta mai Windows na buɗe faifan da shi. Da babu shi, da babu mai gyaran da zai iya komai, a titin Montgallet ne ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, domin an ƙera kullen ne don ya gagari kowa. Kwamfutocin Apple suna da nasu mai suna FileVault. Kulle abu ne mai kyau, musamman ga mai yawo da muryoyin mutane a jaka. Abin da ake buƙata shi ne a rubuta mabuɗin ceto a takarda, a ajiye shi a wani wuri daban tun kafin ranar buƙata.

4.5 Haruffa da Alaƙar Fayiloli

Wannan shinge ne ya fi shafar mu, kuma shi ne masu gyara ba su cika sanin da zamansa ba. A wurinsu aiki ya kammala idan fayil ya buɗe. A wurin manazarcin Hausa kuwa, fayil yana iya buɗewa amma ƙasa ta koma qasa ko }asa, ɗaya ta koma xaya, ɓangare ya koma vangare.

Asalin abin shi ne, kafin tsarin Unicode ya yaɗu, babu gurbin ɓ da ɗ da ƙ a kwamfutocin da ke hannun jama'a. Sai aka ƙirƙiro zanen haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a Kano, waɗanda suka yi wa rubutun Hausa hidima mai yawa. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce a ari gurbin wani harafi ko wata alama da Hausa ba ta buƙata, a zana harafi mai ƙugiya a wurin. Ido yana ganin ƙ, amma abin da ke rubuce a cikin fayil q ne. Zanen haruffan kuwa yana zaune ne a jakar babbar manhaja, ba a jakar takardu ba, saboda haka wanda ya kwafe takardunsa kaɗai ya bar shi a baya.

Maganin gaggawa shi ne a kwaso tsofaffin haruffan daga tsohon faifai a ɗora su a sabuwar kwamfuta. Maganin dindindin shi ne a juya rubutun zuwa Unicode, inda kowane harafi ke da lambarsa: ɓ U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, sai ƴ U+01B4 da ake amfani da shi a Nijar a madadin 'y. Amma a yi juyin da lura. Wanda ya ba da umurnin a mayar da kowane q zuwa ƙ da kowane v zuwa ɓ a kundi baki ɗaya zai ɓata duk sunayen Turawa da kalmomin Ingilishi ko Faransanci da ke ciki. Masu aikin ajami su ma su sani cewa sai a 2020, a Unicode 13.0, aka ƙara wasu haruffan Larabci da ake rubuta Hausa da su, don haka tsohuwar manhaja ba za ta nuna su ba.

Sai alaƙar fayiloli. Manhajar ELAN, wadda cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a Holan ta samar, ita ce masu nazarin harshe da yawa ke daidaita rubutu da murya da ita. Fayil ɗin rubutun ba ya ɗauke da muryar, adireshin inda take kawai yake riƙewa. Idan sunan faifai ko na jaka ya sauya, sai a nemi murya a rasa, sai an sake nuna mata hanya. Haka kuma sunan fayil mai alamar karin sauti kamar à ko â yana iya rikicewa tsakanin Apple da Windows, domin akwai hanya biyu ta rubuta irin wannan harafi a Unicode. Ya fi kyau sunayen fayiloli su kasance da haruffa marasa ƙugiya da lambobi kawai, a kuma ajiye murya da rubutunta a jaka ɗaya.

5.0 Tsarin Aikin da Ya Fi Aminci

Idan tsohuwar kwamfuta tana da rai, a fara da yin cikakken kwafi a wani faifai, a nemo mabuɗin ceto, a rubuta jerin manhajoji da haruffan da ake amfani da su. Daga nan a kashe na'ura gaba ɗaya, a zare wuta da batir, a taɓa ƙarfe don a sauke lantarkin da ke jiki, a riƙe faifai ta gefensa.

A haɗa shi da sabuwar kwamfuta a matsayin baƙo, a kwafa, kada a yanke. Kada a rubuta komai a kansa. Idan faifai mai juyawa ya fara ƙara ƙas-ƙas, a kashe shi nan take, domin kowane ƙarin juyi ƙarin ɓarna ne. Irin wannan sai ƙwararre, wanda zai fara ɗaukar hoton faifan baki ɗaya da manhaja irin ddrescue kafin ya taɓa komai.

Bayan kwafi sai tantancewa. Ganin sunan fayil ba hujja ba ce cewa ya iso lafiya. Ana lissafa wa kowane fayil wata lamba da ake kira SHA-256, wadda take kamar zanen yatsansa; idan ta asali da ta kwafi suka zo ɗaya, to ko ɗigo bai sauya ba. Sannan a buɗe wasu fayiloli a saurara, a karanta. Sai an yi duk wannan, an kuma samu kwafi na biyu, za a yi maganar share tsohon faifai. Sharewar ma wajibi ce kafin a sayar ko a kyautar, domin a ƙarƙashin dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a ranar 25 ga Mayu 2018, muryar mutumin da za a iya gane shi bayani ne nasa na kansa. Kafin doka ma, amana ce da mai magana ya ba mu.

6.0 Daga Faifai zuwa Taska: Misalin Faris da Liyon

Nazarin Hausa ya daɗe a Faris. Ana koyar da ita a INALCO, inda Claude Gouffé ya yi aiki a kan Hausar Nijar, kuma a 1991 Bernard Caron ya wallafa nazarinsa na Hausar Adar. A cibiyar LLACAN da ke Villejuif, kudu da Faris, aka jagoranci aikin CorpAfroAs, wanda ya tattara maganganun baka na harsunan Afro-Asiya, har da Hausa, aka rubuta su aka daidaita da murya. Irin wannan aiki ya fi ƙarfin faifan mutum ɗaya.

Amsar da Faransa ta bayar ita ce kafa Huma-Num a 2013, wata hukuma da ke kula da bayanan binciken fannonin ɗan Adam da zamantakewa. Tana da taska mai suna Nakala, inda mai bincike ke ajiye fayilolinsa tare da bayaninsu, a ba su lambar DOI da ba ta sauyawa. Akwai kuma Cocoon, wadda ta keɓanta da muryoyin da aka naɗa. Na'urorin Huma-Num suna zaune ne a cibiyar lissafi ta CC-IN2P3 da ke Villeurbanne, maƙwabciyar Liyon, wadda kuma take riƙe da bayanan gwaje-gwajen kimiyyar ƙwayar zarra na CERN. A Villeurbanne ɗin dai ake gudanar da HAL, taskar maƙalu ta kyauta da aka buɗe a 2001. Ashe lokacin da nake rungume da faifaina a jirgi, hanyar da bayanan abokan aikina suka daɗe da bi ta waya nake bi.

Wannan ba ya nufin cewa duk abin da aka ɗora a intanet ya tsira. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a Strasbourg, kuma wasu da ba su da kwafi a wani wuri suka yi asara. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙa'idar da masu adana bayanai suka yarda da ita ita ce kwafi 3, a kan na'urori iri 2, da 1 a wani gari daban. Wanda ba ya aiki a Faransa yana iya amfani da Zenodo, taskar da CERN ta buɗe a 2013 ga kowane mai bincike kyauta, muddin masu magana sun ba da izini, kuma yana iya taƙaita waɗanda za su buɗe fayilolin.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ciro faifai da mayar da shi wata kwamfuta aikin 'yan mintuna ne, amma bayanan da ke ciki sun dogara da abubuwan da ba sa binsa: mabuɗin da ke jikin allo, tsarin da babbar manhaja ta sani, zanen haruffa, da adireshin fayiloli. Masu gyara suna iya magance shingaye ukun farko. Na huɗu da na biyar kuwa suna wuyan manazarcin, kuma tun kwamfuta tana da rai ake shirya musu.

Saboda haka ana ba da shawara ga sassan nazarin Hausa a jami'o'in Nijeriya da Nijar su wajabta Unicode a kundayen digiri, su fara juya tsofaffin kundayen da ke hannunsu yayin da masu su ke raye don su duba, su kuma nemi kowane ɗalibi ya miƙa muryoyin da ya naɗa tare da kundinsa. Hirarrakina na Katsina da Maraɗi sun tsira ne saboda lambobi 48 da ban san an ajiye mini su ba. Bai kamata muryar dattijon da ya rasu ta dogara da irin wannan sa'a ba.